Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa: Yadda Ƙarfe Ke Cin Ɗan'uwansa

A daren 11 ga Disamba 2022 dusar ƙanƙara ta sauka a Landan, kuma a cikin wannan makon ne hitar jirgin ruwan da nake kwana a cikinsa ta mutu. Ba mutuwar farat ɗaya ta yi ba. In na kunna ta sai fanka ta ɗauka, ƙaramin famfon mai ya fara ƙas-ƙas ɗinsa kamar agogon bango, farin hayaƙi ya turnuƙe ta salansa, daga nan komai ya yi tsit. Sau uku ina gwadawa. Da asuba na tashi na tarar ruwan butar alwala ya yi ɓawon ƙanƙara, tururin numfashina kuma ya daskare a jikin gilashin taga ta ciki.

Jirgin ba nawa ba ne, amana ce. Na je Ingila ƙaro karatu a watan Satumba na 2021, sai aka yi dace wani ɗan jarida Bature da muka taɓa aiki tare ya samu aikin shekara biyu a wata ƙasa, yana neman wanda zai bar wa jirginsa. Muka yi yarjejeniya cewa ba zan biya shi haya ba, amma kuɗin lasisi da na mai da duk wani gyara suna wuyana. Wanda ya taɓa neman ɗaki a Landan ya san abin da ya hana ni dogon tunani, duk da cewa ni ɗan Kaduna ne da bai taɓa kwana a kan ruwa ba.

Irin waɗannan jirage sirara ne, faɗinsu ƙafa 6 da inci 10 kacal, domin an ƙera su ne daidai da ƙofofin magudanan ruwan da mutanen Ingila suka haƙa a ƙarni na 18 da na 19 don jigilar kwal da kayan masana'antu. Yanzu jigilar ta koma kan titi da layin dogo, jiragen kuma sun zama gidajen mutane. Hukumar Canal & River Trust, mai kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, ta sharɗanta wa duk wanda ba shi da matsaya ta dindindin ya gusa da jirginsa bayan kowane kwana 14. Haka na yi ta kai da kawo tsakanin magudanar Regent's, wadda aka kammala a 1820, da reshen Grand Union na yammacin birnin. Jikin jirgin baƙin ƙarfe ne zaune cikin ruwan sanyi. Idan babu abin ɗumama ɗaki, bambancinsa da firji a lokacin hunturu kaɗan ne.

Ita hitar ba ta wuce girman babban burodi ba, tana cikin wani akwati a ƙarƙashin dandamalin bayan jirgin. Man dizal take sha daga tankin injin. Famfo yana ɗiga man cikin wani ƙaramin ɗakin ƙuna, wani tsinke mai yin ja da lantarki ya kunna shi, wutar ta gasa wata tukunyar sanholo, wato alminiyam, da ke kewaye da ita. Fanka kuma tana tura iskar ɗaki ta bayan tukunyar, ta kwashi zafi ta koma cikin jirgi. Iska iri biyu ke nan: ta ƙuna mai guba, wadda ke fita waje ta salansa, da ta ɗaki wadda mutum ke shaƙa. Abin da ya raba su shi ne bangon sanholon nan, da siririn gasket, da notuna huɗu masu matse shi. Daga baya na gane cewa ran duk wanda ke barci a jirgin a kan notunan nan huɗu ya rataya.

Gyaran da ya zama ɓarna

Na ɗauka na san ciwonta, domin kunkunniya kan toshe irin wannan hita, kuma na taɓa buɗe ta na share a watan Oktoba na 2021. A wancan karon na tarar da kawunan notunan sun ɗan yi ja da tsatsa. Cikin zumuɗin mai riƙon amana sai na ga bai dace in mayar da tsofaffin abubuwa masu tsatsa ba. Na je shago na sayo sababbi na sitenles, ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, wanda ake yin cokula da kwanonin da muke kira silba da shi. Na haɗo da gwangwanin giris mai garin jan ƙarfe a ciki, irin wanda makanikai ke shafa wa notunan birki da salansa don kada su cije. Na shafe notunan da shi sosai, na ɗaure tamau, har na ɗauki hoto na aika wa mai jirgin don ya ga irin kulawar da nake yi.

Wata 14 bayan nan, ina durƙushe a kan dandamali da fitila a goshi, yatsuna sun sandare, na sa sifana. Na farko da na biyu sun fito da ƙyar, lulluɓe da wani farin gari kamar kanwa. Na uku ya fito tare da zaren ramin da yake ciki, wato ya yago naman sanholon. Na huɗu kuwa na matsa masa, sai na ji ƙaras, kansa ya zo hannuna, jikinsa ya zauna a ciki. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne su notunan suna nan fes kamar ranar da na sayo su. Tukunyar ce ta ci kanta a kewayensu.

A jirgin da ke ɗaure a gabana akwai wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana gyaran injinan manyan jiragen teku kafin ya yi ritaya. Ya ga hasken fitila ya leƙo. Ya karɓi noti ɗaya ya juya shi, ya murza farin garin tsakanin yatsunsa, ya ga sauran jan giris a cikin zaren, sannan ya dube ni ya ce, "Samari, wa ya koya maka haɗa batir a cikin hita?"

Batirin da ba wanda ya nema

Duk ƙarfen da muke amfani da shi, in ban da irin su zinariya, daga ƙasa aka tono shi a matsayin dutse, haɗe da iskar oksijin ko wasu sinadarai. Da wuta ko lantarki aka raba shi da su. Tsatsa ba komai ba ce illa ƙarfe yana komawa asalinsa. Sai dai ba duka ne gaggawarsu ta komawa ta zo ɗaya ba. Masana sun jera su gwargwadon halinsu a cikin ruwan teku: maganisiyam ya fi kowa saurin narkewa, sai tutiya wadda ake shafe kwanon rufi da ita, sai sanholo, sai baƙin ƙarfe, sai dalma, sai jan ƙarfe da tagulla, sai sitenles, sai azurfa, can ƙarshe zinariya da girafait, baƙin abin nan na cikin fensir.

Idan kowanne yana zamansa shi kaɗai, a hankali yake lalacewa, musamman sanholo da ke yi wa kansa wata siririyar fata mai kare shi da zarar ya haɗu da iska. Rigima tana tashi ne idan abu uku suka haɗu: ƙarafa biyu mabambanta, suna taɓa juna, kuma akwai ruwa ko danshi mai ɗauke da gishiri ko tsami da ya jiƙa su duka biyun. A nan sai lantarki ya fara gudana. Wanda yake ƙasa a jerin ya riƙa sakin ilektoron yana narkewa cikin ruwan, na sama kuma ya riƙa karɓa yana zaune lafiya, har ma ya fi samun kariya fiye da da. Gwargwadon nisan da ke tsakaninsu a jerin, gwargwadon ƙarfin turin. Tsakanin sanholo da sitenles a cikin ruwan gishiri bambancin ya kai wajen rabin ƙarfin batirin tocila mai volt 1.5. Kaɗan ne, amma batir ne da ba a kashe shi dare da rana.

Tsofaffin notunan da na zubar baƙin ƙarfe ne da aka shafe da tutiya, maƙwabciyar sanholo a jerin. 'Yar tsatsar da na gani a kawunansu alama ce kawai cewa shafen ya fara ƙarewa. Ni kuma na cire maƙwabci na kawo baƙo daga nesa, na ƙara da garin jan ƙarfe, wanda yana cikin manyan maƙiyan sanholo, na cusa shi cikin kowane lungu na zaren. Ruwan da ya cika sharaɗi na uku ma ba sai an nema ba. Robar murfin akwatin ta tsufa, ruwan sama yana ɗiga. Duk sanda hita ta huce raɓa takan kwanta a jikinta. Ƙunar dizal ita kanta tana haifar da tururi, wanda idan ya haɗu da kunkunniya yakan zama ruwa mai tsami. Ruwan magudana ba na gishiri ba ne, shi ya sa abin ya ɗauki fiye da shekara. Da a bakin teku ne da ba a kai haka ba.

Dattijon ya ƙara mini da wata ƙa'ida ta girma da ƙanƙanta. Idan gari guda ne ke ciyar da baƙo ɗaya, ba wanda zai ji nauyi. Idan mutum ɗaya ne ke ciyar da gari guda, kwanansa ya ƙare. Ƙaramin notin sitenles a jikin faffaɗan sanholo yakan yi daɗewa, domin cin yana rarrabuwa. Ƙaramar ƙusar sanholo a jikin faffaɗan sitenles kuwa ba ta kai ko'ina. Na ce masa ai ke nan nawa yana ɓangaren sauƙi. Ya ce da a nutse cikin ruwa suke, haka ne. Amma danshin da ke nan siriri ne, a cikin ramin noti kawai yake maƙalewa, saboda haka sanholon da ke kewaye da zaren shi kaɗai ya ɗauki nauyin. Sannan farin garin da sanholo ke zama ya fi asalin ƙarfen cin wuri, sai ya cika ramin ya shaƙe notin kamar siminti. Dalilin karyewar na huɗu ke nan.

Kuskure mai tsohon tarihi

Darare tara na yi babu hita ina jiran kayan gyara. Na kwana da riguna huɗu da robar ruwan zafi a ƙafa, kuma na cinye yawancin dararen ina karanta tarihin abin da ya same ni. Na samu ɗan sanyin rai da na ga manyan da suka riga ni faɗawa ramin.

A 1761 rundunar sojan ruwan Birtaniya ta lulluɓe ƙasan wani jirgin yaƙinta na katako mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe, don hana tsutsar ruwa cin katakon. Da aka duba shi a 1763 bayan ya dawo daga tsibiran Karibiyan, an tarar tsutsa ba ta taɓa shi ba, amma fallayen sun ɓalle a wurare da dama domin ƙusoshin baƙin ƙarfen da aka kafa su da su sun ruɓe. Masu binciken sun lura da wani abu: wasu ƙusoshin sun tsira, kuma su ne waɗanda guntun takardar da aka naɗo jan ƙarfen da ita ya maƙale a ƙarƙashin kawunansu. Sakacin ma'aikatan da ba su cire takarda ba shi ya nuna maganin, tun ba a san sunan cutar ba.

Bayanin ya zo ne daga Italiya. A 1791 Luigi Galvani, likita a birnin Bologna, ya wallafa cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa idan ƙugiyar tagullar da aka rataye ta da ita ta taɓa baƙin ƙarfe. Shi ya ɗauka lantarkin daga jikin dabbar yake fitowa. Alessandro Volta ya ce a'a, daga ƙarafan biyu ne, kwaɗon jiƙaƙƙen abu ne kawai da ya shiga tsakani. Don ya tabbatar, a 1800 ya jera faya-fayen ƙarafa iri biyu, yana sa kwali jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, ya samar da batir na farko. Volta ne ya yi gaskiya a kan ƙarafan, amma har yau da sunan Galvani ake kiran wannan nau'in tsatsa.

A 1824 Humphry Davy, tare da mataimakinsa Michael Faraday, ya juya matsalar ta zama magani. Ya ce tunda dole ɗaya ya narke, a zaɓi wanda zai narke da gangan: a liƙa guntayen tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen jirgi, su ruɓe a madadinsa. Dabarar ta yi aiki har ta wuce gona da iri, domin da jan ƙarfen ya daina narkewa sai ya daina sakin gubar da ke korar ciyawar ruwa da ƙananan halittu, suka lulluɓe jiragen, rundunar ta yi watsi da tsarin. Amma tunanin bai mutu ba. A ƙasan jirgin da nake ciki akwai dunƙulen maganisiyam da aka yi wa walda, ba su da wani aiki sai su ruɓe don jikin jirgin ya tsira. Ƙarfen fansa ke nan. A ruwan teku tutiya ake sawa, a ruwan daɗi maganisiyam, na sanholo kuma yana aiki a tekun da kuma inda ruwan biyu suka gauraya.

Sanin ilimin bai hana a maimaita kuskuren ba. Mutum-mutumin 'Yanci da Faransa ta bai wa Amurka, wanda aka buɗe a New York a 1886, fatarsa jan ƙarfe ce, ƙashinsa baƙin ƙarfe. Waɗanda suka gina shi sun san haɗarin, sun sa ƙyallen asbestos da aka jiƙa da wani irin ƙaro a tsakani. Da shekaru suka tura sai ƙyallen ya lalace ya koma soso mai riƙe ruwa. A gyaran 1984 zuwa 1986 sai da aka sauya sanduna kusan 1,800 da na sitenles, aka raba su da fatar da Teflon. Ko a 2011 rundunar ruwan Amurka ta gano irin wannan ci a sabon jirginta Independence, mai jikin sanholo, a inda ya haɗu da ƙarfen na'urorin da ke tura shi. Na ce a raina, in injiniyoyin sojan Amurka sun yi, ɗan jarida mai digirin aikin jarida ba zai kashe kansa da kunya ba.

Yadda muka mayar da ita

Niyyata ita ce a haƙe karyayyen notin, a sa wayar gyaran zare a ramin da ya yage, in mayar da tukunyata in huta. Dattijon ya cire shi kuwa, da man kwance noti da ɗan zafi, domin sanholo ya fi sitenles buɗewa idan ya ji wuta. Amma da ya goge fuskar da gasket ke kwanciya ya haska fitila, sai ga ƙananan ramuka kamar zanzana a gefen rami na uku. Ya ce wannan ba za ta koma ba. Gasket ba zai kwanta a kan zanzana ba, kuma abin da zai zurara ta nan kabon monoksaid ne, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Mu da muka sha jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ko gawayin da aka shigar ɗaki a lokacin hunturu ya kashe cikin barci ba sai an yi mana dogon bayani ba. Na sayi sabuwar tukunya da kuɗin da ya kusa cinye abin da nake samu a mako biyu.

Ranar haɗawa ya sa ni na yi da hannuna yana tsaye. Mun fara da tsafta. Ya hana ni goge sanholo da burushin baƙin ƙarfe, domin yana barin ƙananan ɓurɓushi a jiki, kowanne kuma ƙaramin batir ne. Muka yi amfani da na roba. Notunan tukunya muka sa irin waɗanda masu ƙera ta suka tanada, masu shafen tutiya, da sabon gasket, domin ba a mayar da tsoho.

Sai batun abin shafawa, inda ya raba hitar gida biyu, wurin sanyi da wurin zafi. A wuraren sanyi, kamar ƙafafun da ke riƙe ta da jikin jirgi, sitenles ba laifi ba ne in an raba shi da sanholo. A nan muka sa zoben roba a ƙarƙashin kan kowane noti, muka cika zaren da wani farin maɗauri mai Teflon. Masu jirage suna amfani da irin su Tef-Gel, ko rawayan Duralac, wasu kuma man gashin tumaki kawai suke sawa. A wuraren zafi, kusa da ɗakin ƙuna da bakin salansa, roba za ta narke, Teflon ma ba ya jure abin da ya wuce kimanin digiri 260 a ma'aunin Salshiyas. Can muka sa man hana cijewa na tangaran, wanda babu garin kowane ƙarfe a cikinsa. Mai jan ƙarfe ko mai girafait kuwa, ya ce kada in ƙara kusantar da su ga sanholo.

Na tambaye shi ko man yana hana ƙarafan taɓa juna ne. Ya ce ba gaba ɗaya ba. In ka ɗaure noti dole wani wuri ya taɓa. Babban aikinsa shi ne ya cike gurbin da ruwa zai shiga. Cikin sharuɗɗa uku, ko ɗaya ka karya batir ya mutu, kuma ruwa shi ne mafi sauƙin korewa. Shi ya sa muka sauya robar murfin akwatin, muka buɗe masa kafar shan iska, muka gyara kwanciyar bututun salansa yadda ruwan da ya taru zai gangara waje maimakon ya koma cikin hita.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da da ni kaɗai ne da na sake yin ɓarna. Notin da aka shafa wa mai yana shiga da sauƙi, saboda haka ƙarfin da za ka sa a busasshe in ka sa a jiƙaƙƙe sai ya yage zaren sanholo. A rage hannu. Notin da wayar lantarki ke maƙale a jikinsa ba a raba shi da ƙarfe da roba, domin hanyar wuta ce. A ɗaure shi a tsaftace, sannan a rufe shi da giris ta waje. Idan kuma fenti za a shafa don kariya, kada a shafe mai rauni kaɗai a bar mai ƙarfi tsirara, domin duk inda fentin ya ɗan kwarzane, cin gaba ɗaya a wannan ɗigon zai taru ya huda. A shafe duka biyun, in kuwa ɗaya za a zaɓa, a shafe mai ƙarfin. A ƙarshe muka gwada na'urar gargaɗin kabon monoksaid, wadda tun watan Afrilu na 2019 ta zama dole a irin waɗannan jirage, sannan muka kunna. Famfo ya yi ƙas-ƙas, wuta ta kama, iska mai ɗumi ta fito.

Abin da Kawu ya riga ya sani

A daren na kira kawuna da ke sana'ar ƙira da walda a kasuwar Panteka ta Kaduna, ina ta ba shi labarin Galvani da kwaɗonsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Ɗan nan, sai da ka je Ingila ka san wannan? Je ka dubi inda aka murɗa wayar sanholo ta kan falwaya da jan wayar gida. Damina ɗaya sai ta yi fari ta fara tartsatsi."

Na ce, "To Kawu, me ya sa ban taɓa jin kun faɗa ba?"

Ya ce, "Wa ya tambaya? Kowa araha yake nema. In ka ce a sayi mahaɗi na musamman sai a ce kana son cin kuɗi."

Tun da na dawo gida idona ya buɗe a kan abin. Ƙasarmu ta arewa busasshiya ce mafi yawan shekara, shi ya sa kuskuren da zai bayyana cikin watanni a Legas ko Fatakwal yakan yi shekaru a ɓoye a Kano ko Damagaram. Amma damina tana zuwa, banɗaki da madafa kuma ba su san rani ba. Inda aka haɗa bututun jan ƙarfe da na baƙin ƙarfe mai shafen tutiya kai tsaye, a nan yoyo ke farawa. Rufin sanholo da aka kafa da ƙusar da ba ta dace ba ta bakin ƙusar yake fara ɗiga. Cikin tankin hitar wanka akwai sandar maganisiyam da aka sa don ta ruɓe a madadin tankin, kuma mutane ƙalilan ne suka san ana sauya ta. Injinan kwale-kwalen da ke aiki a Yawuri da Baga suna da irin wannan ƙarfen fansa a kusa da farfela, wanda in ya cinye ko aka shafe shi da fenti, jikin injin ne zai biya. Yanzu kuma ga faifan sola sun cika rufin gidaje, firam ɗinsu sanholo, ana ɗaure su a kan ƙarfen da mai walda ya haɗa, da kowane notin da hannu ya kai gare shi, alhali kaya ne da ake sa ran su yi shekara 20 ko fiye a waje.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ban yi wannan ɓarna don sakaci ba. Da na yi lalaci na mayar da tsofaffin notunan, da babu abin da ya faru. Na zaɓi mafi tsada da mafi ƙyalli, na tambayi ingancin kowane abu shi kaɗai, ban tambayi yadda zai zauna da na kusa da shi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, kuma nawa ya kusa zama ƙuƙumin wani, domin da hitar ba ta toshe a wannan makon ba, da zanzanar ta ci gaba da faɗaɗa har mai jirgin ya dawo ya kwanta a cikinsa.

Da ya dawo na gaya masa komai, har da hoton da na aika masa ina alfahari. A cikin murfin akwatin na liƙa takarda a leda, na rubuta ranar da aka buɗe hitar, da irin notin da ke kowane rami, da man da aka shafa, da gargaɗin a sake buɗewa a duba kafin kowane hunturu. Bara da aka zo sa wa mahaifiyata sola, na hau rufin tare da mai aikin, riƙe da ledar zoben roba da gwangwanin man da na taho da shi. Ya dube ni kamar wanda ya zo da sabon salo, ya ce shekararsa shida yana wannan aiki ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Na ce masa na yarda, amma ya daure ya sa mini su. Ya sa, aikin ya ƙaru da kusan rabin awa, na ƙara masa kuɗin hannu.